Yadda Nake Haɗa Fatar Ilektirolait ta Folima da Garin Tangaran Don Batirin Litiyam ko Sodiyam

Fatar ilektirolait ta farko da na haɗa da hannuna, wato siririn faifan da ayon (ƙwayoyin zarra masu caji) ke ratsawa a cikin batir, ta ba ni lambar saurin wucewar ayon da ta hana ni barci don murna. Bayan kwana huɗu na sake aunawa, sai lambar ta faɗi warwas. Ashe ruwan narkarwa ne bai gama fita ba, shi yake ɗaukar ayon yana gudu da su, ni kuwa ina nan ina ta kirarin garin tangaran da na zuba. Malamina bai ce uffan ba. Ya sa hantsaki ya ɗauki fatar, ya ɗora a sikeli, ya rubuta nauyin, ya mayar da ita tanda. Washegari ya sake ɗorawa, nauyi ya ragu. Ya dube ni, na dubi ƙasa. Tun daga ranar nan ban ƙara yarda da kyakkyawar lamba ba sai na wahalar da ita tukuna, kuma yawancin abin da zan faɗa maka a nan daga wannan kunyar ya samo tushe.

Bari mu fara da dalilin shan wannan wahala. Batirin wayarka yana da ruwa a ciki, shi ake kira ilektirolait, ruwan da ayon na litiyam ke iyo daga anod zuwa katod, wato ɓangarorin batir guda biyu, kuma ruwan nan yana kama wuta. Anod ɗinsa girafait ne, wanda iyakar abin da giram ɗaya zai riƙe shi ne cajin 372 mAh. Tsurar ƙarfen litiyam kuwa 3860 ne, na sodiyam 1166. Kowa na kwaɗayin tsurar ƙarfen, amma in ka sa shi cikin ruwa, da caji ya yi nisa sai ya fara tsirar da ƙayoyi, su huda abin da ke tsakani su haɗe ɓangarorin biyu. Shi ya sa ake neman abu daskararre da zai bar ayon su wuce, ya kuma tare ƙayar.

Daskararrun nan gida biyu ne, kowanne da halinsa. Akwai folima, wato dangin roba, uwarsu ita ce PEO (polyethylene oxide). A 1973 ne Fenton da Parker da Wright a Ingila suka nuna cewa PEO na narkar da gishirin irin waɗannan ƙarafa, sannan a ƙarshen shekarun 1970 Michel Armand na Faransa ya kawo shawarar a yi batir da ita. Tana da laushi, tana manne wa ƙarfe kamar danƙo, sai dai a zafin ɗaki malalaciya ce. Motocin haya na kamfanin Bolloré da suka fara yawo a Paris a 2011 da irin wannan batir suka yi aiki, kuma sai da aka riƙa riƙe batirin da zafi tsakanin digiri 60 zuwa 80. Ɗaya gidan na tangaran ne: NASICON da Goodenough da Hong da Kafalas suka bayyana a 1976, LLZO na Murugan da Thangadurai da Weppner a 2007, da LGPS na ƙungiyar Kanno a Japan a 2011, wanda saurin wucewar ayon a cikinsa ya kai 12 mS/cm, wato yana kafaɗa da kafaɗa da ruwa. Suna da sauri, amma tauri ya yi musu yawa. Ba sa kwanciya a jikin ƙarfe, suna tsagewa, LLZO kuma sai an gasa shi sama da digiri 1000 kafin ya dunƙule. Haɗin da muke magana a kai aure ne tsakanin gidajen biyu: garin tangaran a cikin folima. Ba sabon abu ba ne, Weston da Steele sun zuba garin alumina cikin PEO tun 1982, ƙungiyar Scrosati a Italiya kuma ta ɗaga zancen a 1998 da gari mai laushin nanomita.

Idan yau ka fara, ɗauki PEO mai nauyin molekul wajen 600,000, gishirin litiyam mai suna LiTFSI, da garin LLZO wanda aka sa wa tantalam, wanda muke ce wa LLZTO. Tantalam ɗin, ko aluminiyam, shi ke riƙe LLZO a siffarsa mai sauri; in babu shi yakan koma wata siffa da ta fi jinkiri kusan sau ɗari. In sodiyam kake so, canza gishirin zuwa NaTFSI, garin kuma ya zama Na3Zr2Si2PO12. Sauran aikin duk ɗaya ne.

Abu uku zan hana ka taɓawa a farko. Garin tangaran LATP yana da sauƙin samu kuma ba ya tsoron iska sosai, amma taitaniyam ɗin cikinsa na karɓar lantarki daga ƙarfen litiyam, inda suka haɗu sai ya yi baƙi ya lalace. Garin salfaid irin su LGPS da Li6PS5Cl da sun shaƙi danshi sai su saki iskar H2S mai kisa, kuma yawancin ruwan narkarwar da PEO ke so suna ɓata su. Na uku, folimar PVDF a cikin ruwan narkarwa na DMF. Za ka ga mutane da yawa na yabonsa saboda lambobinsa a zafin ɗaki na da kyau. Zuba masa LLZTO ka ga yadda kwaɓin ke rikiɗewa ya koma ruwan ƙasa, domin garin na fizge haidirojin da fulorin daga jikin folimar. DMF ɗin kuma ba ya fita da sauƙi, yana maƙale da litiyam, kuma shi ne ke yin kaso mai yawa na aikin da ake yabo. Ni dai a wurina abin da ruwa ke ɗauke da shi ba daskararre ba ne, ko da ya yi kama da leda a ido.

Busarwa ita ce rabin aikin, kuma ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. PEO ta shiga tanda mai zuƙe iska a digiri 50, kwana biyu. Kada ka ƙara wuta don gaggawa, wajen digiri 65 take narkewa, za ka buɗe ka tarar da dunƙule ɗaya da ba ya aunuwa. LiTFSI na jure zafi, ba shi digiri 120 kwana guda. Gishirin nan mayen danshi ne: bar ɗan kaɗan a fili ka je ka dawo, za ka tarar ya zama ɗigon ruwa. Daga tanda kai tsaye su wuce akwatin safar hannu mai iskar agon, wato rufaffen akwatin da ake aiki a cikinsa ta safar hannu, inda ruwa da iskar oksijin ke ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan. Agon nake cewa, ba naitirojin ba. Litiyam na cin naitirojin, ya yi baƙi-baƙi ya zama Li3N.

Garin LLZO yana da nasa munafuncin. Idan ya sha iska, danshi na musanya litiyam ɗin saman ƙwayar da haidirojin, a samu LiOH, shi kuma ya haɗu da iskar kabon ya zama kabonet, wato Li2CO3. Wannan ɓawon siriri ne ƙwarai, ido ba ya ganinsa, amma ayon ba sa iya ratsa shi. Ka ga kenan ka zuba gari mai sauri, amma kowace ƙwaya tana sanye da riga mai hana shiga. Duk kwalbar da ban san tarihinta ba, ɗauka nake an taɓa buɗe ta a fili. Nakan gasa garin a cikin agon a wajen digiri 500 zuwa sama kaɗan, in mayar da shi akwati ba tare da ya ga iska ba. Kada ka zarce da zafi, litiyam zai gudu ya bar maka La2Zr2O7, wanda ba ya tsinana komai. Duba shi da na'urar XRD, mai nuna tsarin kiristal, kafin gashi da bayansa. Ita XRD ba ta cika ganin siririn ɓawon kabonet ba, in kana da na'urar Raman ko XPS su suka fi tona masa asiri.

Yanzu lissafi. Kowace gaɓa ta PEO, wadda muke kira EO, nauyinta giram 44 ne a mol ɗaya, LiTFSI kuma 287. A giram ɗaya na PEO akwai milimol 22.7 na EO. In kana son EO ashirin ga litiyam ɗaya, raba 22.7 da 20, ka samu milimol 1.14, wato giram 0.33 na gishiri. Ni daga nan nake farawa. Gishiri ya yi kaɗan, PEO ta jeru ta yi kiristal, ayon su rasa hanya. Ya yi yawa, fatar ta zama mai yauƙi, ba ta ɗaguwa daga faranti. Na sodiyam, NaTFSI 303 ne, sai ka gyara lissafin.

Ga wurin da nake so ka tsaya ka natsu. Kowa na faɗin yawan gari da nauyi: kashi 10, kashi 20, kashi 50. Amma ayon ba ruwansu da nauyi, fili suke gani. LLZO na da nauyin kusan giram 5.1 a kowane santimita kubik, PEO kuwa wajen 1.2. Saboda haka kashi 10 na nauyi bai kai kashi 3 na fili ba, kashi 50 na nauyi ma wajen kashi 20 ne kawai na fili. A kashi 3, ƙwayoyin nan tsibirai ne a cikin teku, babu wadda ke taɓa 'yar'uwarta. To ta yaya ayon za su bi ta cikinsu daga wannan gefe zuwa wancan? Sai sun fita daga folima sun shiga ƙwaya, su fito su sake shiga folima, kuma kowace shiga da fita tana da tsada wajen turjiya. Ƙungiyar Yan-Yan Hu a Amurka ta bi sawun litiyam da na'urar NMR, ta hanyar musanya litiyam-6 da litiyam-7, ta nuna cewa in garin kaɗan ne ta folima ayon ke bi, sai ya yi yawa sannan hanyar ke komawa ta tangaran. Abin da garin ke yi a ƙaramin kaso shi ne hana PEO jeruwa, da ƙara wa fata ƙwari, wataƙila da riƙe ɓangaren gishirin mai cajin korau a samansa. Amfani ne na gaske, ban raina shi ba. Sai dai garin alumina ma, wanda ba ya ɗaukar litiyam ko kaɗan, yana iya yin kusan haka. Shi ya sa duk ranar da zan haɗa fata, uku nake yi: ɗaya babu gari sam, ɗaya da alumina, ɗaya da LLZTO, na biyu da na uku da kaso ɗaya na fili. In ta uku ba ta fi ta biyu ba, na san me nake da shi a hannu, kuma ba zan rubuta cewa na buɗe wa ayon babbar hanya ba.

Wajen kwaɓawa, gari ne farko. Zuba shi cikin ruwan narkarwa na asitonaitiril mara danshi, mililita 15 zuwa 20 ga kowane giram na PEO, rufe kwalba da kyau, sa ta a na'urar girgizawa da sauti rabin awa har ƙwayoyin su rabu. Sai gishiri. PEO ce ƙarshe, kaɗan-kaɗan, maganaɗisun juyawa na aiki. In ka juye ta gaba ɗaya za ta dunƙule, waje ya jiƙe ciki a bushe, ka kwana kana jira. In kuma ka sa folima kafin gari, kwaɓin ya riga ya yi kauri, gudajin garin ba za su taɓa fashewa ba. Bar shi yana juyawa kwana guda. Ɗaga kwalbar ka haska ta da fitila: ya kamata ka ga fari bai ɗaya, babu ɗigo-ɗigo, babu laka a gindi.

Zuba a farantin Teflon da ke zaune daidai, kifa masa murfi ka bar 'yar kafa, ya bushe a hankali. In ya bushe da sauri sama za ta yi ɓawo ta kulle ruwa a ƙasa, ga kumfa. In kuma kwaɓin ya yi ruwa-ruwa, garin mai nauyi zai nutse, ka samu fata mai fuska biyu, sama santsi ƙasa kaushi. Shafa ta da safar hannu za ka ji bambancin. Irin wannan fatar ba ta auna abu ɗaya, ya danganta da fuskar da ka juya wa litiyam. Abu guda da ke haddasa faɗa a ɗakin gwaji: tururin asitonaitiril na kashe sinadarin tagulla da ke tsabtace iskar akwati. Kashe zagayawar iskar kafin ka buɗe kwalba, ka wanke akwatin da sabuwar agon bayan ka gama, in ba haka ba za ka ji daga bakin duk mai amfani da akwatin. Bayan fata ta kama jikinta, ta koma tanda mai zuƙe iska a digiri 50 zuwa 60, aƙalla kwana guda. Auna nauyi, mayar, sake aunawa. Sai nauyi ya daina sauka sannan ta bushe.

Gaskiya yanzu na fi son hanyar da babu ruwa ko ɗigo. Ka haɗa garin PEO da gishiri da tangaran a turmi cikin akwati, ka niƙa har su zama ƙullu mai danƙo, ka sa tsakanin ledar Teflon biyu, ka danne da matsi mai zafi a digiri 80 zuwa 100. Ninke, sake dannewa, sau da yawa, har launin ya daidaita. Hannu na gajiya, kuma rarraba gari mai laushin nanomita ta nan ya fi wuya, amma ba wanda zai tambaye ka ko saura ruwa ne ya ba ka lamba. Ka nemi kaurin maikiromita 100 ko ƙasa.

Gwajin farko tsakanin faranti biyu na bakin ƙarfe mara tsatsa, a cikin kwanson CR2032, irin batirin agogo. Ajiye shi a digiri 70 na 'yan awoyi don fatar ta kwanta a jikin ƙarfen, sannan ka auna turjiya da na'urar EIS. Lissafin saurin wucewar ayon ba wuya: kauri a raba da turjiya sau faɗin fili. Misali, kauri santimita 0.01, faranti mai faɗin milimita 16 wanda filinsa santimita murabba'i 2.01 ne, turjiya om 25: amsa ita ce kusan 2×10⁻⁴ S/cm. A digiri 60 lamba irin wannan ba abin mamaki ba ce ga PEO. A zafin ɗaki kuwa in ka ga haka, koma ga sikeli kafin ka gaya wa kowa. Auna kaurin bayan ka buɗe kwanson, ba kafin ba kawai, domin fata mai zafi tana lotsewa ƙarƙashin sifirin, in ka yi lissafi da tsohon kauri ka ƙara wa kanka abin da ba naka ba.

Akwai wani tarko kuma. PEO da aka narkar ba ta komawa kiristal nan take, tana iya ɗaukar kwanaki. In ka auna a digiri 25 awa ɗaya bayan ka sauko daga 70, lambar za ta yi kyau, bayan mako ta zube. Nakan bar batirin ya huta kwanaki a zafin ɗaki, in auna ina hawa, in sake aunawa ina sauka, in rubuta duka biyun. In ka zana lambar a kan zafi za ka ga gwiwa kusa da inda PEO ke narkewa. Yadda gwiwar ta miƙe ko ta lanƙwashe shi ke gaya maka ko garin ya hana jeruwa da gaske.

Gwaji na biyu, litiyam a kowane gefen fatar. Kankare saman ƙarfen har ya yi ƙyalli kafin ka yanka. Da wannan batirin ake auna kason wutar da litiyam ke ɗauka, ta hanyar Evans da Vincent da Bruce ta 1987: ka ɗora milibolt 10, ka jira wuta ta daidaita, ka auna turjiya kafin da bayan. PEO da LiTFSI kan tsaya wajen 0.2. In gari kaɗan ya kai ka 0.7, ka fara zargin awon, watakila ba ka jira wutar ta zauna ba. Daga nan sai ka riƙa tura litiyam gaba da baya a 0.1 mA/cm², kana ƙarawa mataki-mataki har fatar ta gaza. Kula da siffar layin bolt da na'ura ke zanawa. Layi mai ɗan lanƙwasa a kowane zagaye lafiyayye ne. Layin da ya faɗi ƙasa farat ɗaya ya miƙe sumul, yana tafiya awa ɗaruruwa ba motsi, ba nasara ba ce, siririyar ƙaya ce ta haɗe ɓangarorin, lantarki na bi ta cikinta. Na taɓa barin irin wannan yana gudu wata guda ina jin daɗi. Gwada shi da EIS, ko ka sauke zafi: in ayon ke aikin, turjiya za ta haura sosai, in ba ta damu da sanyi ba, ƙarfe ne. Monroe da Newman sun lissafa a 2005 cewa abin da taurinsa ya ninka na litiyam kusan sau biyu zai iya danne ƙaya, amma PEO mai zafin digiri 60 ko kusa ba ta kai nan ba, ko da gari a ciki. Shi kansa tsurar LLZO, da duk taurinsa, litiyam na ratsa shi ta iyakokin ƙwayoyi da tsaga.

Sai cikakken batir. Yi amfani da katod na LiFePO4, wanda ke aiki a wajen bolt 3.4, ka tsayar da caji a 3.8. PEO na fara lalacewa kusa da bolt 4, saboda haka katod na NMC, mai aiki sama da haka, ba abokin tafiyarta ba ne sai an yi wa katod rufi ko an sa wata folima a wannan gefen. Kada ka manta ka cuɗa PEO da gishiri a cikin katod ɗin kansa. Babu ruwan da zai tsiyaya ya cika ramuka, in ba ka kai wa ƙwayoyin ciki hanya ba, na sama kaɗai za su yi aiki. Kuma don Allah kada ka ɗiga ruwan ilektirolait "ɗigo ɗaya kawai" sannan ka kira shi daskararre.

Mai aiki da sodiyam ya tuna yana narkewa a digiri 98, ba 180 irin na litiyam ba, kuma ya fi laushi, yana manne wa wuƙa da hantsaki. Sauƙinsa ɗaya, ba ya cin aluminiyam yadda litiyam ke yi, don haka za ka iya shimfiɗa shi a kan takardar aluminiyam. Fotasiyam kuwa a digiri 63.5 yake narkewa, daidai inda PEO ke fara aiki, ga shi in ya daɗe yana shan oksijin yakan yi ɓawon rawaya na KO2 mai iya fashewa in an yanka. Ba na barin sabon shiga ya taɓa shi shi kaɗai. Dukkansu ukun, ruwa ko abin kashe gobara mai iskar kabon ba sa kusantarsu. Hodar kashe gobarar ƙarfe ta kasance kusa da hannunka, guntayen da suka rage kuma a tara su a rufaffen gwangwani, ba kwandon shara ba.

Duk batirin da ya mutu, buɗe shi a cikin akwati. Ɓare fatar a hankali, ɗaga ta saitin fitila, nemi ɗigon baƙi ko toka-toka inda ƙaya ta ratsa, ka duba ko a tsakiya yake ko a gefe inda matsi ya fi yawa. Ɗauki hoto, rubuta lambar kwaɓin da ranar da aka buɗe kwalbar garin a gefensa.